Yadda ake musu kan mutanen labarin zane ba tare da an tashi baram-baram ba

Kusan kowane daren Juma'a, bayan sallar Isha'i, mukan hau saman gidanmu a kudancin Jidda da filas ɗin shayi da ƙunshin tsire, wanda mutanen Hijaz suka ara suke ce masa sire, mu zauna muna musu kan mutanen da ba su taɓa rayuwa ba. Mu bakwai ne: ni, ƙanena, 'ya'yan yayata huɗu, da 'yar ƙanwar mahaifiyarmu da yaƙi ya koro daga Khartoum a 2023. Abin da ya haɗa mu shi ne labarin zane na waya, irin wanda ake ja da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa. Yaran nan suna ce masa manhwa ko webtun. A Koriya ta Kudu salon ya tashi, kamfanin intanet na Daum ya buɗe nasa dandalin a 2003, na Naver a 2004, sannan a 2014 Naver ya fitar da manhajarsa ga sauran duniya. Waɗanda suka taso gaban Spacetoon, tashar zane-zanen yara ta Larabci, ba su sha wuyar kama shi ba.

Zamanmu na farko da faɗa ya watse. Babban ɗan yayata ya ce wa ƙanwarsa ba ta da imani, ita kuma ta ce masa shi ko akuya ba za a ba shi kiwo ba, ƙanena ya ɗauki kofinsa ya sauka. Duk a kan wani mai gadin ƙofa da aka zana da alƙalamin kwamfuta. Daga ranar na fara tsara zaman, kuma abin da zan kawo a nan shi ne abin da ya yi mana aiki bayan mun sha tuntuɓe.

Ba zan faɗi sunan labarin ba, don kada in ƙona wa wani. Ga dai ƙashin bayansa. Birni ne mai ganuwa a bakin hamada. Duk shekara wani hazo yakan taso, wanda ya shaƙe shi yakan ɗauko cuta bai sani ba. Mai gadin babbar ƙofa, wanda muka raɗa wa Sarkin Ƙofa, ya yi rantsuwa cewa da zarar an buga tambari zai rufe har kwana arba'in. Ranar da aka buga, ana hango ƙurar wani ayari, da mata da yara a ciki. Ya rufe. Ƙanwarsa mai haɗa magani ta saci mabuɗin ƙaramar ƙofa cikin dare ta shigo da su. Ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da cutar, unguwar marina ta ƙare kusan ƙaf.

Mataki na farko: a kama hukunci ɗaya

Kada a buɗe zama da tambayar waye mugu a labarin. Wannan tambayar ita ta watsa mu. Tana da faɗi, kowa yana iya cusa abin da yake so a cikinta, kuma amsarta ba ta wuce wa nake so, wa nake ƙi. A zaɓi abu ɗaya da mutum ɗaya ya aikata a babi ɗaya, a faɗe shi da jimla guda wadda kowa ya yarda haka ya faru. Tamu ita ce: Sarkin Ƙofa ya rufe ƙofa yana ganin ayari. Ba a ce ya yi watsi da bayin Allah ba, ba a ce ya ceci birni ba, domin waɗannan an riga an yanke hukunci a cikinsu. Idan an kasa daidaitawa kan jimlar, to a tsaya nan, wannan ma ya isa aikin dare ɗaya.

Satar mabuɗin da ƙanwar ta yi mun bar ta sai mako na gaba. Idan aka haɗa biyun, sai zaman ya koma gasar wa ya fi wani laifi, kowa ya kare nasa ta hanyar tono asirin ɗayan.

Mataki na biyu: a ja layi

Kafin a zuba shayi, kowa ya faɗi babin da ya tsaya. Wanda ya fi kowa baya, a nan iyakar take. Larabawa suna ce wa tona abin da ke gaba harƙ, wato ƙonawa, mu ma ƙona labari muke cewa. Akwai masu sayen sulallan manhajar su karanta babin da bai fito wa kowa ba tukuna, ƙanena na cikinsu, kuma irinsu ba sai sun yi magana suke ƙonawa ba. Murmushi kawai zai yi ya ce, "To, Allah ya kai mu." Mun yi doka: duk wanda ya yi wannan murmushin shi zai sayo tsiren mako mai zuwa.

Sai fassara. Yawancin fassarar Larabci da yara ke samu ta 'yan sa-kai ce, kuma daga Turanci suke juyowa, Turancin kuma daga Koriyanci. Magana ta bi hannu uku kafin ta iso. Mun taɓa kwashe rabin awa muna musu ko Sarkin Ƙofa ya ce "ba zan iya ba" ne ko "ba zan yi ba", ashe kowa da abin da ke cikin wayarsa. Yanzu duk jimlar da za a kafa hujja da ita sai an ajiye wayoyin biyu gefe da gefe an karanta. Inda suka saɓa, jimlar ta faɗi, sai a koma ga zane, shi ba a fassara shi.

Mataki na uku: a rubuta dokokin duniyar labarin

Labarin almara yana da tasa duniyar, kuma ba a yi wa mutum hukunci da dokar garin da bai taɓa zuwa ba. A samu takarda, wanda ya fi kowa kyan rubutu ya riƙe biro, a rubuta abin da labarin ya tabbatar, kowanne da babin da ya zo. Kwana nawa cutar take yi kafin ta bayyana? Akwai hanyar gane mai ɗauke da ita? Me ke samun wanda ya karya rantsuwa, kunya ce kawai ko mutuwa? Akwai wurin killace baƙi a wajen ganuwa? Wa ke da ikon sa a buga tambari?

Tambayar killacewa ita ta fi ba mu aiki. Mu 'yan Jidda ne, unguwar Karantina sunanta daga killace mahajjata ya samo asali, don haka nan take ƙaramar cikinmu ta ce, "Kawu, me ya hana a ajiye su a gindin ganuwa a riƙa zuro musu abinci da igiya?" Muka koma baya muka duba. A babi na tara an nuna cewa hazon yana kwanciya ne a gindin ganuwa da dare, wanda ya kwana a can ya gama. Shawararta ta faɗi, amma da hujja ta faɗi, kuma ita da kanta ta gano babin. Amfanin takardar ke nan. Duk wanda ya ce ai da ya yi kaza, sai a duba ko duniyar ta ba da damar kazan.

A nan ne kuma ya kamata a gama da maganar sihiri, domin za ta taso, musamman idan akwai manya a gidan. Hajiyarmu ta hau sama wata rana ta ji ana ambaton rantsuwar da ke kashe mai karya ta, ta ce, "Wane irin tsafi kuke koya wa jikokina?" Na ce mata, "Hajiya, ke kika ba mu tatsuniyar Dodo da Gizo da Ƙoƙi, ke kika ba mu labarin macijin rijiyar Kusugu da ke hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ba mu taso muna bauta wa maciji ba." Ta yi tsaki ta zauna. Gaskiyar ita ce hazo da rantsuwar kayan aiki ne, marubucin ya kawo su don ya matse mutum a lungu ya ga me zai zaɓa. Amma ban ce a ƙi tacewa ba. Akwai labaran da zanensu bai dace da yara ba, akwai waɗanda ke wasa da abin da ba a wasa da shi. Babban da ke jan zaman ya riga kowa karanta babin.

Mataki na huɗu: me ya sani a lokacin?

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi zamewa. Mai karatu ya san abin da ya faru daga baya, wanda ke cikin labarin bai sani ba. Idan ba a yi hattara ba sai a yi masa hukunci da ilimin da bai da shi.

A raba takarda gida biyu. A dama, abin da Sarkin Ƙofa ya sani lokacin da hannunsa ke kan sakata. A hagu, abin da mu muka sani shi bai sani ba. Da muka yi namu, ga abin da ya shiga dama: ya san hazon ya taso, ya san akwai yara a ayarin, ya san tafiyar da ta rage musu ba ta kai awa ɗaya ba, ya san wani mai gadi a zamanin kakansa ya taɓa jinkirtawa an yi asarar rayuka. A hagu kuwa: bai san ko akwai mai cutar a cikinsu ba, bai san cewa waziri ya sa an buga tambarin da wuri don ya hana wani abokin gabansa shigowa ba.

Wannan na ƙarshen ya rikita masu zaginsa, domin rabin fushinsu na waziri ne suka juye a kansa. Amma bai wanke shi ba. Ƙanwata ta Khartoum ta ɗaga yatsa ta ce, "Yaya, akwai gida na uku. Abin da ya kamata ya sani amma bai tambaya ba." Shekara ashirin yana gadin ƙofar, ya san lokacin da ake buga tambari, ya ji an buga kafin rana ta karkata. Bai aika kowa fada ya ji dalili ba. Tun daga ranar takardarmu gida uku take da shi, kuma na uku ya fi sauran zafi. Rashin sani uzuri ne, ƙin tambaya don kada a sani ba uzuri ba ne.

Ga gwajin da nake yi wa kowa a wannan mataki. A ɗauka babu mai cutar a ayarin, ƙanwar ta shigo da su lafiya, ba wanda ya mutu. Ra'ayinka a kan ta zai canja? Idan zai canja, to ba aikinta kake aunawa ba, sa'arta kake aunawa. Direbobi biyu sun keta jan wuta a kan titin Madina, ɗaya ya wuce lafiya, ɗaya ya buge mutum. Gangancinsu ɗaya ne. Abin da ke kansu na diyya da haƙƙi ne ya bambanta. Yara suna saurin kama wannan misalin fiye da duk wani dogon bayani, don sun ga irinsa da idonsu.

Mataki na biyar: a karanta zanen

Mutane da yawa rubutun kawai suke bi, su wuce hoton da gudu. A irin wannan labari rabin hujjar a zane take. A sa kowa ya buɗe wurin, a ja a hankali tare.

A lura da tazara. Tunda ja ake yi, mai zanen yana sarrafa lokaci da farin fili ko baƙi tsakanin hoto da hoto. Tsakanin bugun tambari da faɗuwar sakata, sai da muka ja yatsa sau biyar a cikin baƙin fili babu komai. Wannan jinkirin shaida ne cewa mutumin ya tsaya ya yi kokawa da kansa. Mai zagi ya ce ya rufe ko a jikinsa, zanen ya ƙaryata shi. A lura da inda aka ɗora ido: daga saman ganuwa aka nuna ayarin, ƙanana kamar tururuwa, ko daga ƙasa aka nuna ƙofar tana rufuwa a fuskar wata uwa? Na farko yana sa ka ji kamar mai gadi, na biyu yana sa ka ji kamar wanda aka rufe wa. Mai zanen yana jan zuciyarka da wannan, gara ka san ana janta. A bambance maganar da aka faɗa a fili da zancen zuci, wanda galibi ake sa shi a akwati daban. A duba hannu. Masu zane suna iya daskarar da fuska, su bar gaskiya a yatsu. Fuskar Sarkin Ƙofa kamar dutse take, amma hannunsa na hagu yana damƙe da ɗan warwaron da ƙanwarsa ta ɗaura masa tun suna yara. Ƙaramar cikinmu ce ta hango, mu manya duk mun wuce shi.

Mataki na shida: a raba tambayoyin

Yanzu ne za a shiga hukunci, kuma ba tambaya ɗaya ba ce. Me ya nufa? Me ya aikata? Wa ya biya kuɗin? Kowa ya amsa ukun daban-daban. Mutum na iya cewa niyyarsa kyakkyawa ce, aikinsa yana da gyara, kuma waɗanda suka biya ba a shawarce su ba. Da zarar an raba haka, sai a ga mutum biyu da ke ta daga jijiyar wuya sun yarda da juna a biyu, a ɗaya kawai suka saɓa.

Tambaya ta uku ita ake yawan mantawa. Labari yana da waɗanda ya ba suna da fuska, yana da waɗanda ya bari a matsayin taro. Marinan da suka mutu ba a nuna fuskar ko ɗaya ba, sai hayaƙi daga nesa. 'Yan ayarin kuwa an nuna mana jaririnsu har da hawayensa. Don haka zuciya ta karkata ga ayari. Na sa kowa ya ƙirƙiro wa marini ɗaya rayuwa: shekarunsa, 'ya'yansa, bashin da ake binsa. Bayan wannan, masu kare ƙanwar sun rage murya.

Ina kuma hana kalmomin nagari da mugu a wannan mataki. Hausa tana da kalmomin da suka fi su kaifi. Sarkin Ƙofa mai amana ne, amma yana da tausayi? Ƙanwar mai tausayi ce, amma ta ci amanar yayanta ko ba ta ci ba? Wanne ya yi haƙuri, wanne ya yi taurin kai yana kiransa haƙuri? Jin kunyar fada ne ya hana shi tambaya, ko tsoro? Ya kare mutuncin birni ne ko nasa? Idan aka tilasta wa mutum zaɓen kalma, sai ya yi tunani. Rikicin labarin ma sai ya fito sarai: ba faɗan alheri da sharri ba ne, amana ce ta yi karo da tausayi a cikin gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya.

Hujjar addini za ta shigo, kuma ba na hana ta, don da ita muke auna komai a rayuwa. Sharaɗi ɗaya ne: a kawo ta cikakkiya. Ƙanena ya kawo labarin Sayyidina Umar da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da jama'a daga wani wuri da ake kira Sarg. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce suna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah, sannan Abdurrahman bin Auf ya zo da hadisin cewa idan an ji annoba a wata ƙasa kada a shiga, idan ta ɓarke ana ciki kada a fita don gudunta. Hujja ce mai ƙarfi ga rufe ƙofa. Amma babbar 'yar yayata ta ce, "Kawu, ai kafin ya juya sai da ya shawarci Muhajirai da Ansar da dattawan Ƙuraishawa. Sarkin Ƙofa wa ya shawarta?" Labarin da aka kawo don a kare shi, shi ya sake kama shi.

Wanda nake taka wa birki shi ne mai jawo ƙissar Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi don ya wanke duk wani mai aikata ɓarna da sunan hangen nesa. Masu son irin jarumin nan mai kashe ɗaya don ya ceci ɗari suna son wannan ƙissar. Sai in ce su karanta har ƙarshe, inda bawan Allahn ya ce ba da ra'ayin kansa ya aikata ba. Jarumin zane ba wahayi ake masa ba, lissafinsa ne kawai, kuma lissafi yana kuskure. Ban da haka, zaman hira ne ba majalisar fatawa ba. Idan tambaya ta koma ta halal da haram da gaske, a rubuta ta a kai wa malami.

Mataki na bakwai: a yi musanyar gefe

Minti goma kawai. Mai zagi ya kare, mai karewa ya zaga, kuma ba da gatse ba. Ba a yarda ya gama ba sai ɗaya gefen ya ce, e, haka nake nufi. Yara sun tsani wannan matakin, ni kuwa shi na fi so. Ɗan yayata da ya fi kowa tsanar Sarkin Ƙofa, da aka sa shi ya kare shi, shi ya tuno mana watan Afrilun 2020, lokacin da aka rufe wasu unguwannin kudancin Jidda irin su Gulail da Petromin ba shiga ba fita saboda korona, aka dakatar da Umara, Harami ya zama wayam. Ya ce, "Wanda ya tsaya a shingen nan yana mayar da mutane, mugu ne?" Ya yi shiru da kansa bayan ya faɗa.

Mataki na takwas: idan abin ya taɓa nama

Wani lokaci musun ba a kan zane yake ba. Mai jan zama ya buɗe ido ya gane lokacin.

Daren da muka zo kan satar mabuɗi, ƙanena yana ta lissafi, rai nawa aka ceta, rai nawa aka rasa, yana ƙirgawa da ƙwallayen dabino a kan tabarma. Ƙanwata ta Khartoum ba ta ce komai ba, tana ta juya cokali a kofin da sukarinsa ya daɗe da narkewa. Can ta ce, "Yaya, kai ba ka taɓa tsayawa a wajen ƙofa ba." Ita ta yi kwanaki a hanya daga Khartoum zuwa Port Sudan, ta kwana a ƙasa tana jiran jirgin ruwa. Kowa ya yi tsit. Kakanninmu ma haka suka zo ƙasar nan, a ƙafa ta Chadi da Sudan, wasu suka yi shekaru suna noma a hanya kafin su ga Suwakin, tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Maliya, kuma a kowane gari akwai wanda ya buɗe musu da wanda ya rufe.

A irin wannan lokacin kada a ce mata ai labari ne kawai, kada kuma a mayar da ita hujjar da za a rufe bakin kowa. Na ce wa ƙanena ya kwashe ƙwallayensa. Na zuba mata sabon shayi. Muka bar ta ta faɗi abin da take so ta faɗa, ta tsaya inda take so. Musun bai ci gaba a daren ba. Mako na gaba ita ce ta buɗe shi, kuma abin mamaki ba ta wanke ƙanwar ba. Ta ce ta fahimce ta, amma da ta tashi mutanen unguwar marina ta gaya musu kafin ta shigo da kowa, su ma suna da haƙƙin su gudu.

Doka ɗaya ce ba ta da sassauci a wurinmu: a zagi mutumin labari yadda ake so, ba a juya zagin kan wanda ke zaune. Ka ce Sarkin Ƙofa matsoraci ne, ba ka ce mai kare shi matsoraci ba ne. Wanda ya karya, ya sauka ya wanke kofuna.

Sauran abubuwa biyu

Na ɗaya, kada a ɗora wa marubuci laifin abin da ya zana. Nuna mugun aiki daban, yaba shi daban. Abin dubawa shi ne ko labarin ya bar aikin ya yi tsada. Idan jarumi ya yi kisa, babi biyu bayan nan ana ta barkwanci kamar ba a yi ba, to a nan marubucin ya yi ha'inci, kuma ya halatta a ce ya yi. Haka idan aka ƙawata azzalumi da kyan fuska da dogon gashi don a manta da zaluncinsa. 'Yan matan gidanmu suna faɗawa wannan tarkon, samarin kuma suna faɗawa na mai ƙarfi da iya takobi. Son mutum a labari ba laifi ba ne, a dai faɗe shi da sunansa: ina son sa, ba ya yi daidai ba.

Na biyu, maganar tuba. Waɗannan labaran suna son mayar da mugu nagari a tsakiyar tafiya, masu karatu su rabu biyu kan ko ya cancanci yafiya. Mu muna da ma'aunin da muka koya tun a allo: ya daina, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba, kuma idan haƙƙin wani ne ya mayar ko ya nemi yafiyar mai shi. Yawancin masu tuban zane a na huɗun suke faɗuwa. Za su yi kuka a cikin ruwan sama, su ceci jarumi daga halaka, amma ba za su taɓa zuwa ƙofar waɗanda suka zalunta ba. Kuma ba jarumi ke da ikon yafe jinin da ba nasa ba.

Kafin a tashi, kowa ya faɗi matsayinsa a jimla ɗaya, da abu ɗaya da idan ya bayyana a gaba zai sa ya canja. A rubuta a bayan takardar da kwanan wata, a ajiye. Ba a ƙuri'a, ba a fitar da gwani. Tamu takardar tana cikin gwangwanin biskit a saman firji, ta kai shafi goma sha ɗaya. Ƙanena ya canja matsayi sau uku yana musun bai canja ba, sai an ɗauko masa rubutun hannunsa.

Hajiya kuwa har yau ba ta taɓa kallon wayar ba, ta ce idonta ba zai iya ba. Amma ta daina sauka da wuri. Makon jiya muna naɗe tabarma ta tsaya a bakin matakala da filas a hannu ta ce, "Wai shi yaron nan mai ƙofa, ya je ya yi wa marinan gaisuwa kuwa?" Ƙanena ya buɗe baki, ya tuna kuɗin tsire, ya rufe.